Idan turjiya ta ƙaru, zafi ƙaruwa yake yi ko raguwa?

Ɗalibar kimiyya, Runjin Sambo:
Assalamu alaikum, malamaina da yayyena. Ina roƙon a warware mini wata matsala da ta tsaya mini a darasin lantarki. An ba mu aikin gida cewa an jona dutsen guga a soket mai bolt 230, aka auna wutar da yake ja aka samu amfiya 4.6, sai aka ce mu fitar da turjiyarsa, wato yadda yake tare wa wuta hanya, wadda ake aunawa da om, da kuma wat ɗin da yake ci. Wannan bai ba ni wahala ba, domin na raba 230 da 4.6 na samu om 50, na kuma ninka 230 sau 4.6 na samu wat 1,058. Inda kaina ya ɗaure shi ne wasu hanyoyi biyu da aka ƙara rubuta mana a allo, wato P = I²R da kuma P = V²/R, inda P yake nufin wat, I amfiya, R turjiya, V kuma bolt. Na gwada su duka, kowace ta ba ni 1,058 ɗin nan. To amma a ta farko ninkawa ake yi da turjiya, ke nan idan ta ƙaru wat zai ƙaru, a ta biyu kuwa rabawa ake yi da ita, ke nan idan ta ƙaru wat zai ragu. Ta yaya abu ɗaya zai ƙara zafi kuma ya rage shi?

Mai haɗa wuta, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ni ba malamin makaranta ba ne, amma hannuna ya daɗe cikin waya, kuma abin da idona ya gani shi ne duk inda turjiya ta yi yawa nan zafi yake taruwa. Siririyar waya ce take narkewa ta bar mai kauri, kuma soket ɗin da kusarsa ta saki shi ne yake yin baƙi yana warin roba. Saboda haka ki riƙe hanyar farko, ita ce take aiki a cikin gidaje. Ta biyun a bar wa masu jarrabawa.

Malamin fiziks, Arkilla:
Malam, abin da ka gani gaskiya ne, amma ina jin tsoron hukuncin da ka ɗora a kansa zai kayar da ɗalibarmu. Hanyoyin biyu duka suna aiki a cikin gidaje, kuma asalinsu ɗaya ne. Abin da Georg Ohm, wani malami Bajamushe, ya wallafa a 1827 shi ne V = IR, wato bolt daidai yake da amfiya sau om. Wat kuma bolt ne sau amfiya, P = VI. Idan ka cire V ka sa IR a gurbinsa, ka samu I²R. Idan kuma I ka cire ka sa V/R, ka samu V²/R. Ba su isa su saɓa wa juna ba, tunda daga jimla ɗaya aka fitar da su.

'Yata, tambayar da ya kamata ki riƙa yi wa kanki kafin ki zaɓi hanya ita ce: a wannan yanayin, mene ne ba ya canzawa? A soket ɗin bango bolt ne a tsaye, 230 ne ko kin jona guga ko kin jona rediyo. Yanzu ki ɗauka an canza wa gugar nan waya ta ciki, aka sa mai om 100 maimakon 50. Bolt yana nan yadda yake, amma wutar da za ta ja ta koma 230 a raba da 100, wato amfiya 2.3, wat kuma ya zama 529, rabin na farko daidai. Idan kika koma ga I²R za ki ga bai yi ƙarya ba: R ya ninka sau biyu, amma I ya rabe gida biyu, kuma da yake I sau I ake yi, ya faɗi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, sai sakamakon ya sake fitowa 529. Ruɗanin ya shigo ne lokacin da kika ƙara R a zuciyarki kika bar I yadda yake, alhali a soket ba zai yiwu ya tsaya ba.

Abin da mai haɗa wuta yake gani wani yanayi ne daban. Wayar da ta kawo wuta daga mita da gugar da ke ƙarshenta a jere suke, wuta ɗaya ce take ratsa su, kuma gugar ce take ƙayyade yawanta domin ita ce mai babbar turjiya. A nan amfiya ce kusan a tsaye, don haka duk gaɓar da ta fi turjiya a kan hanya ita za ta fi zafi.

Mai haɗa wuta, Tudun Wada:
To ai maganata ke nan, Malam. Gobarar da take cin shaguna ba daga cikin guga take tashi ba, daga waya da mahaɗa take tashi.

Injiniya mai ritaya, Mabera:
Ɗana, a kan gobara ina tare da kai, kuma bari in sa mata lamba domin yara su ga girmanta. Fulogin da muke amfani da shi mai ƙafa uku masu faɗi, irin na Ingila, fiyus ɗinsa mafi girma amfiya 13 ne, wanda a bolt 230 ya kai wat 2,990. A ɗauka an jona masa hitar ruwa da take jan amfiya 13 ɗin cif, kuma kusar soket ta saki har mahaɗar ta samu turjiya ta rabin om kawai. Sai a ninka 13 sau 13 a samu 169, a ɗauki rabinsa, ya zama kusan wat 85. Wat 85 ya fi zafin tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 wanda ba a iya riƙewa da hannu, ga shi kuma ya taru a wurin da bai fi ƙwayar wake ba, a cikin roba, a bayan kabad. Abin takaicin shi ne fiyus ba zai tsinke ba, domin wutar da ke wucewa ba ta haura ƙa'ida ba. Hasali ma ta ɗan ragu kaɗan. Wannan lissafin na I²R ne, kuma James Joule na Ingila ne ya tabbatar da shi ta hanyar gwaji a wajajen 1840.

Sai dai kada wannan ya sa ka yi watsi da V²/R, domin da shi za ka gane dalilin da ya sa hita mai wat 2,000 take da turjiyar om 26 da ɗoriya kacal, alhali ƙwai mai wat 60 yana da kusan om 880. Mai ƙaramar turjiya shi ne mai cin wuta da yawa. Idan aka bi maganarka ba tare da sharaɗi ba, ƙwan ne ya kamata ya tafasa ruwa.

Ɗalibin koyon aikin lantarki, Gidan Igwai:
Baba Injiniya, gafarta mini in sa baki. Na taɓa ɗora mita a kan irin wannan ƙwan mai wat 60 yana kashe, kuma abin da ta nuna bai kai om 70 ba. Ina 880 ɗin ya shiga?

Injiniya mai ritaya, Mabera:
Mitarka lafiyarta ƙalau. Zaren da ke cikin ƙwan na wani ƙarfe ne da ake kira tungsten, kuma idan yana ci zafinsa yakan haura digiri 2,000, turjiyarsa ta ninka fiye da sau goma. Om 880 na ƙwai mai ci ne, abin da ka auna na mai sanyi ne. Shi ya sa irin waɗannan ƙwayayen suka fi mutuwa a daidai lokacin da aka kunna su, saboda a wannan ƙiftawar idon zaren yana sanyi, wuta mai yawa take afka masa. Raba bolt da amfiya kullum yana ba ka turjiyar wannan lokacin ne, ba alkawari ba ne cewa za ta zauna haka. Kuma tunda ka ambaci mita, ina jan kunnenka: ba a auna om a kan abin da yake jone da wuta. A cire shi daga soket tukuna.

Mai haɗa wuta, Tudun Wada:
Na ji wannan, amma akwai abin da lissafinku bai amsa ba. Kowa a garin nan ya san lokacin da wuta take zuwa ba ƙarfi, musamman a watan Afrilu da Mayu da kowane gida ya kunna fanka da firji, sai ka auna ka ga 170 ko ƙasa da haka. A irin wannan lokacin ne ake kawo mini ƙonannun kaya. Idan wat bolt ne sau amfiya, kuma bolt ya faɗi, dole amfiya ta hau domin ta cike gurbi. Ke nan ƙarancin wuta ƙara amfiya yake yi, ita kuma ta ƙona kaya.

Malamin fiziks, Arkilla:
Kalmar "dole" ce ba zan karɓa ba. Ka ɗauka cewa wat ɗin da aka rubuta a jikin kaya abu ne da kayan yake ƙwatowa ko ta halin ƙaƙa, alhali wannan lambar sharaɗi gare ta, wato idan an ba shi bolt ɗin da aka rubuta kusa da ita. Mu koma ga gugar ɗalibarmu mai om 50. A bolt 170 za ta ja amfiya 3.4, ƙasa da 4.6 na da, wat ɗinta kuma ya sauko 578. Ka lura cewa bolt ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai, amma zafin ya kusa rabewa biyu, saboda V sau V ake yi. Guga ko hita ko risho na lantarki ba sa ƙonewa don ƙarancin wuta. Kasa aiki suke yi, mai guga ya yini a kan riga ɗaya.

Mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, Gawon Nama:
Malam, guga na ba ka gaskiya, amma kwamfuresa, wato injin da ke cikin firji, na ba ɗan'uwana mai haɗa wuta gaskiya, kuma ita ce sana'ata. Duk abin da yake da inji mai juyawa a ciki, kamar firji da famfon rijiyar burtsatse da injin markaɗe, ba ya bin wannan lissafin kai tsaye. Inji idan yana juyawa yana haifar da wani bolt nasa da yake tunkarar wanda ke shigowa, kuma wannan ne yake hana shi jan wuta da yawa, ba turjiyar wayar da aka naɗe a cikinsa ba, domin ita 'yar kaɗan ce. Idan wuta ta yi rauni, nauyin da yake turawa bai ragu ba, sai juyawarsa ta yi ƙasa, amfiya ta hau. Mafi muni shi ne ya kasa tashi gaba ɗaya ya tsaya yana gurnani, domin a nan yakan ja ninki biyar ko shida na abin da ya saba, naɗin ya yi zafi, fentin da ya raba wayoyin ya ƙone. Kuma zafin nan da ya ƙona shi I²R ne ba wani abu ba.

Injiniya mai ritaya, Mabera:
Madalla. Akwai ma rukuni na uku: cajar waya da ta kwamfuta da talabijin na zamani, waɗanda aka rubuta wa 100 zuwa 240 a jikinsu. Su kam wat ɗinsu suke riƙewa, don haka idan bolt ya faɗi amfiya hawa take yi, kamar yadda mai haɗa wuta ya faɗa. Haka ma sitabilaiza. Idan tana ba kaya wat 1,000, a bolt 230 kusan amfiya 4.3 take ja daga layi, a bolt 150 kuwa kusan 6.7. Ba ta ƙirƙirar wuta, daga layin unguwa take ƙara ja, kuma idan gida ashirin suka yi haka a lokaci guda, bolt ɗin kowa ya ƙara faɗuwa. Wannan ne ya sa ban cika murna ba idan na ga kowane gida a layi ɗaya ya sayi tasa.

Mai sana'ar ƙanƙara da zoɓo, Minanata:
Malamai, ku yi haƙuri da ni, ni ba 'yar boko ba ce sosai, amma maganar ta taɓa jarina. A bayan firizata an rubuta bolt 230 da amfiya 1.2, kuma an rubuta wat 180. Na bi yadda kuka koyar na ninka, sai na samu 276. Wanne ne gaskiya, kuma da wanne zan yi lissafi idan zan sayi janareto?

Malamin fiziks, Arkilla:
Hajiya, ninkawarki daidai ce, kuma lambobin biyu duka na gaskiya ne. Wutar da ake kawo mana ba a hanya ɗaya take tafiya ba, zuwa da dawowa take yi sau 50 a kowace daƙiƙa. A guga, bolt da amfiya tare suke hawa tare suke sauka, shi ya sa ninka su yake ba da wat daidai. A cikin inji kuwa amfiya takan ɗan makara a bayan bolt, sai wani kaso na wutar ya riƙa kai da komowa a cikin waya ba tare da ya zama aiki ba. Lambar 276 ita ce nauyin da waya da janareto suke ɗauka, kuma ana rubuta ta da VA. Lambar 180 ita ce abin da ya zama sanyi da zafi, kuma ita mitar gidanki take ƙirgawa. Idan aka raba 180 da 276 za a samu kusan 0.65.

Wajen sayen janareto da 276 za ki yi lissafi, sannan ki bar sarari mai yawa saboda fizgar da firiza take yi idan za ta tashi. Ki kuma duba da kyau ko lambar da ke jikin janareton kVA ce (VA dubu) ko kW (wat dubu), domin wanda aka rubuta wa 2.5 kVA galibi wat 2,000 ne ƙarfinsa.

Mai noman rani, Kwalkwalawa:
Tunda an zo kan inji, ga tawa. Ina da famfon ban ruwa na lantarki a gonar albasa, kuma daga inda janareto yake zuwa bakin rijiya ya kai mita 100. Yaron da ya ja mini wayar ya sa mai lamba 1.5. Famfon yana jan wajen amfiya 8, amma ruwan ba ya fita da ƙarfi, wayar kuma da rana sai ta yi laushi. An ce mini famfon ne ya gaji. Shin haka ne?

Injiniya mai ritaya, Mabera:
Alhaji, kada ka yi saurin sayen sabon famfo. Mita 100 a ido mita 200 ne a lissafi, domin wuta sai ta je ta dawo. Lambar waya kaurinta ne a milimita murabba'i, kuma jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 1 yana da turjiyar kusan om 0.017 a kowace mita. Ka ninka sau 200, ka raba da 1.5, za ka samu kusan om 2.3. A amfiya 8, bolt 18 ya zube a hanya kafin ya isa famfo, kuma 8 sau 8 sau 2.3 ya ba da kusan wat 147 da kake ƙona wa fetur domin ɗumama ƙasar gona. Wannan ma lissafin digiri 20 ne. Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 1,000 a kowane digiri, don haka wayar da ta kwanta a ranar Sakkwato ta kai digiri 60 ta ƙara kusan kashi 16 cikin 100. Idan kuma irin wayar nan ce ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, ka ƙara fiye da rabi a kan duka. Ka kankare bakinta da wuƙa, idan ka ga fari a ciki ka san abin da aka sayar maka.

Da waya mai lamba 4, turjiyar za ta sauko om 0.85, asarar ta koma kusan bolt 7 da wat 54. Mafi sauƙi ma shi ne ka matso da janareton kusa da rijiya idan wurin zai yiwu, domin rage tsawo da rabi yana rage asarar da rabi ba tare da ka sayi komai ba.

Mai haɗa sola, Dambuwa:
Baba, wannan shi ne yaƙin da nake yi da masu gida kullum. Mutum zai ce batir ɗaya mai bolt 12 yake so, kuma yana so inbata ta ba shi wat 1,000. Wat 1,000 a bolt 12 ya haura amfiya 83. Ko da duk wayoyin batir da mahaɗansu om 0.01 ne kacal, asarar ta kai kusan wat 69. Idan aka jera batura huɗu aka samu bolt 48, amfiya ta sauko kusan 21, asarar a wannan wayar ta koma wat 4 da ɗoriya. Bolt ya ninka sau huɗu, asara ta ragu sau goma sha shida. Da yawa sun ɗauka bolt 12 ba shi da haɗari tunda ba ya jan mutum, amma na ga sifana ta yi ja wur bayan ta faɗa a kan kawunan batir biyu.

Malamin fiziks, Arkilla:
Dalili ɗaya ne ya sa ake ɗaga wutar da ta taso daga madatsar ruwan Kainji zuwa bolt 330,000 kafin ta nufo Birnin Kebbi, daga can ta shigo Sakkwato a 132,000, sannan taransifoma su yi ta sauke ta zuwa 33,000 da 11,000 har ta iso soket. Wat ɗin da ake son isarwa ɗaya ne, amma idan bolt ya yi sama amfiya ta yi ƙasa, wayar ɗaruruwan kilomita ta rage cin rabonta.

Ɗalibar kimiyya, Runjin Sambo:
Malam, a nan na sake tsayawa. Idan P = V²/R ne, ai bolt 330,000 sau kansa lamba ce mai ban tsoro. Me ya sa wannan bai nuna cewa asarar layin ƙaruwa za ta yi ba?

Malamin fiziks, Arkilla:
Domin V ɗin da ake sawa a lissafin kowane abu shi ne bambancin bolt tsakanin bakinsa biyu, ba bolt ɗin da aka rubuta a jikin turke ba. Ki duba gonar Alhaji. Janareto yana ba da 230, amma tsakanin farkon wayar da ƙarshenta, zuwa da dawowa, bolt 18.4 ne kawai ya zube. Ki ninka 18.4 sau 18.4, ki raba da 2.3, za ki samu 147, daidai da abin da Injiniya ya samu ta I²R. Da kin sa 230 a wurin, da kin lissafa abin da zai faru ne idan aka cire famfon aka haɗa bakin wayoyin biyu, wato amfiya 100 da wat 23,000, wanda janareton ba zai iya bayarwa ba, sai dai ya mutu ko fiyus ya tsinke. V da I da R ɗin da kike haɗawa a jimla ɗaya dole su zama na abu ɗaya.

Mai haɗa wuta, Tudun Wada:
Ni dai har yanzu a wajen aikina amfiya nake fara aunawa, domin ita take gaya mini kaurin wayar da zan saya da girman fiyus. Alhaji, kafin ka sayi waya, ka sa a auna bolt a bakin janareto, a sake aunawa a bakin famfo yana cikin aiki. Ka ɗebe na biyu daga na farko, ka raba da amfiya 8, abin da ya fito shi ne turjiyar wayarka ta gaskiya. Idan ya tsaya wajen om biyu da rabi, jan ƙarfe ce amma ta yi siriri. Idan ya doshi huɗu, ko dai alminiyam ce ko akwai mahaɗar da ta saki a tsakiya, kuma sai a bi ta a tafin hannu bayan an kashe janareto, a nemi inda ya fi ɗumi.

Mai noman rani, Kwalkwalawa:
Na gode, malamai. Akwai mahaɗa biyu a tsakiyar wayar da aka naɗe da leda, da su za a fara gobe in Allah ya kai mu.